Abin da Guduma Ya Tuna

Wata huɗu da rasuwar Tsoho, amma ƙamshin garin katako bai bar shagonsa ba. Yau da azahar za a mayar wa mai ginin makulli, shi ya sa ɗansa Direba ya ajiye motarsa, ya kwaso matarsa da tagwayensu 'yan shekara huɗu su zo su kwashe abin da ya rage. A zahiri kwasar kaya ta kawo shi. A zuci kuwa so yake yaran su ƙara kallon wurin sau ɗaya, ko kakansu ya zauna musu a rai kafin ƙuruciya ta share shi.

Tsoho ne ya laƙaba musu suna. Macen siririya ce, ya ce Ƙusa. Namijin kuma Allah ya hore masa babban kai, ya ce Guduma.

Direba ya ɗora Ƙusa a cinya, ya nuna mata wani ɗan benci mai ƙafa uku.

"'Yar Baba, kin tuna ranar da kika faɗo daga nan? Kin ji tsoro ko?"

Ai kamar ya buɗe famfo. Ta ce ta yi kuka sosai, Kaka ya ɗauke ta, gemunsa yana sukar ta a kumatu, ya mari bencin ya ce mara kunya, kuma rigarsa warin fenti take yi. Direba yana dariya, idonsa yana cikowa.

Ya juya wajen ɗan'uwanta, ya ɗaga wani ƙarfe.

"Kai, maza, mene ne wannan?"

"Zarto!"

"Wannan fa?"

"Filaya!"

"Namijin duniya! To faɗa min, me ka tuna da Kaka?"

Yaron ya ce, "Zarto."

"Na ji. Shi kansa fa? Me yake ce maka?"

Guduma ya dubi bango, ya dubi Ƙusa ko za ta cece shi, sannan ya ce a hankali, "Yana da ƙusoshi da yawa."

Direba ya ajiye ƙarfen. Yaron nan kusan kullum a shagon yake wuni, ya fi 'yar'uwarsa zama da Tsoho nesa ba kusa ba.

Matarsa tana naɗe tsofaffin labule, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Baban biyu, ai kai ka raba musu gadon. Ita ka ba ta kakanta, shi ka ba shi akwatin kayan aiki."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Ta gaskiya. Wata huɗu ina jin ku. Ita 'kin ji daɗi, kin ji tsoro', shi kuma jarrabawa kamar zai ɗauki lasin. Ni ma ban wanke kaina ba, in ya fara kuka cewa nake je ka wajen babanka."

"To namiji ne, me zan tambaye shi?"

"Kai da aka yi wa haka, me ka tuna da mahaifiyarka?"

Shekararsa shida ta rasu. Ya san ƙofar ɗakinta shuɗiya ce, ya san matakala tara ake hawa kafin a kai gadonta na asibiti. Muryarta kuwa, da irin dariyarta, da waƙar da take yi in tana wanki, duk suna hannun yayarsa, domin ita mata suka riƙa zaunarwa suna tuna mata. Shi an shafa kansa ne an ce ya yi ta maza. Har yau in kewarta ta taso masa sai ya buga wa yayar waya, kamar mai zuwa aron wuta maƙwabta.

"Ban iya ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Kar ka tambaye shi komai. Fara ba shi naka."

Direba ya miƙe. Sannan ya durƙusa, ya cusa dogon jikinsa ƙarƙashin teburin aikin Tsoho, kansa ya bugu da katako.

"Wayyo! Guduma, zo ka taya ni zama."

Yaron ya rarrafo yana ƙyalƙyala dariya. "Baba, ka yi girma."

"Da ban yi ba. Ina kamar kai na taɓa karya wa Kaka fensirinsa, wanda yake maƙalawa a kunne. Na gudo nan na ɓuya. Zuciyata tana dukan uku-uku. Sai ga ƙafafunsa sun zo sun tsaya a nan, daidai nan. Ya yi kamar bai gan ni ba, yana ta cewa, 'Oh ni, ɓera ya cinye min fensir, ya kuma cinye min ɗa.'"

Guduma ya zaro ido. Ya shiga sosa wani baƙin tabo a sumunti.

"Ni na yi wannan."

"Kai? Da me?"

"Gam. Ya zube duka. Na shigo nan."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai Kaka ya taka. Takalminsa ya manne!" Ya fashe da dariya. "Ya tafi da ƙafa ɗaya, ɗingis, ɗingis."

Direba bai taɓa jin wannan labarin ba.

"Ka ji tsoro?"

Dariyar ta ɗauke. Yaron ya dubi fuskar ubansa da kyau, irin kallon mai neman amsar da ake so.

"Maza ba sa tsoro."

"Ni dai na ji. Har fitsari ya kusa kubce min."

"Kai, Baba!" Ya sunkuyar da kai. "Ni ma kaɗan. Na yi kuka kaɗan. Kaka ya leƙo, ya ce kar in faɗa wa kowa, shi ma yana yi. Ya goge min hanci da hularsa." Ya taɓa hancinsa. "Hannunsa da kaushi. Amma da ɗumi."

Hawaye suka gangaro masa, manya-manya. Kalmar "yi shiru" ta zo har bakin Direba, ya mayar da ita. Ya jawo babban kan nan ya kwantar a ƙirjinsa, suka zauna a cikin ƙura su biyu, kowa yana jan hanci. Daga waje ba a ganin komai sai ƙafafu huɗu, biyu dogaye, biyu gajeru.

Can Ƙusa ta leƙo, ta kama ƙugu. "Me kuke yi ban da ni?"

Guduma ya share fuska da bayan hannu, ya matsa ya yi mata wuri.

"Shigo in ba ki labarin Kaka. Wannan ba ki san shi ba."