Dutsen Kombo

Wata uku aka yi ana jan zancen inda Faki zai kai iyalinsa hutu, kuma duk a wayata aka yi shi. Faki ƙanena ne. Shekara goma sha tara yana tuƙin bas a Ingila, sau biyu kacal ya tako tsibirinmu na Pemba a cikinsu, duka biyun kuwa gaisuwar mutuwa ce ta kawo shi. Matarsa Zuwena mace ce mai bin diddigi, ko tsintsiya ba ta saye sai ta ji abin da mutum ɗari suka faɗa a kanta. Ta dinga turo mini hotunan tsibirai, yau Maldif, gobe Sishel, jibi Moris, ƙarƙashin kowanne ta yi rubutu: nan ruwan ba zurfi, ya dace da yara, nan akwai inuwa, nan kifi yana zuwa har gwiwar mutum. Ni da na tashi teku na bayan ɗakina, ban ga abin da suka fi bakin ruwanmu da shi ba sai kujeru.

Shi Faki amsarsa guda ce, Dutsen Kombo. Kombo mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Dutsen kuwa na murjani ne, yana cikin ruwa, tafiyar minti ashirin a kwalekwale, kuma a nan ya dinga ajiye kwandunan kamun kifinsa har mutane suka laƙaba wa wurin sunansa. A nan Faki ya koyi iyo. 'Ya'yansa mata biyu, Raya da Tuma, ba su san wata tatsuniya ba sai ta dutsen nan: murjani mai reshe, mai faɗi irin na faifai, kifi mai ruwan ɗorawa da ke zuwa ya leƙa fuskar mutum. Yaran sun haddace wurin tun ba su taɓa ganin teku ba.

Akwai abin da Faki ya gaya mini ni kaɗai. Ya ce in Zuwena da yaran suka ji daɗin zuwan nan, baɗi zai tattaro ya dawo gida gaba ɗaya. Shekara shida ke nan babban wanmu Shaame yana gina masa masaukin baƙi mai ɗaki shida a bakin ruwa, kuma niyyar Faki ita ce ya zauna a ciki, ya riƙa kai baƙi Dutsen Kombo suna leƙen kifi. Mahaifiyarmu Bi Chumu ta haura tamanin, kowace safiya kafin ta kurɓi shayi sai ta tambaya ko Faki ya ce yaushe. Don haka na shiga bayansa da ƙarfina, na kushe Maldif tas, wurin da ko a taswira ba zan iya nuna shi ba.

Rannan Zuwena ta kira ni da kanta. Ta ce ta karanta cewa irin waɗannan wurare suna lalacewa, in gaya mata tsakanina da Allah, dutsen yana nan?

Na ce, "To ina za shi? Dutse ne fa, ba akuya ba."

Ta yi dariya, ta sayi tikiti. Ban yi mata ƙarya da gangan ba. Mu mata a nan iyakarmu ruwa ya kai cinya, mu tsinci abin da za mu tsinta in ya janye, mu dawo. Shekarata hamsin da biyu ban taɓa sa fuskata a teku ba.

Kwana biyun farko komai ya tafi yadda nake roƙo. Zuwena ta zagaye bakin ruwan tana dube-dube kamar mai duba gari, ta taka rairayin, ta tambayi lokacin da ruwa ke janyewa da lokacin da yake kawowa, ta nemi inda ƙayar ruwa take don kada yara su taka. A ƙarshe ta ce wurin ya yi. Mama ta ci shinkafa da madarar kwakwa har ta nemi ƙari, abin da rabonta da shi tun azumi. Masaukin kuwa kowa ya yaba. Shaame bai yarda da bulo ba, ya ce gishirin iska yana cinye shi, sai ya yi ginin da dutsen ruwa da farar ƙasa yadda kakanninmu suka saba. Tun daga hoto Faki ya ce kada a shafe bangon, baƙi suna son ganin dutsen a fili. Ni na dafa wa leburori abinci duk tsawon ginin, na ga kwalekwale yana sauke dutse jiƙe sharkaf, ban taɓa tambayar daga wane gefe ake ɗebo shi ba. Wa yake tambayar inda aka ɗebo yashi?

Da Faki ya ce gobe sai Dutsen Kombo, Shaame ya ɗan sosa ƙeya ya ce kifin wurin ya ƙaura kwana biyu, gara a je bayan tsibirin da ke arewa. Faki ya ce yayansa ya tsufa, ƙiwar tuƙi yake ji. Aka yi dariya, Shaame ma ya yi.

Da hantsi muka fita. Ni an ɗauke ni ne don in riƙe kwandon abinci. Raya, babbar, mai shekara goma sha ɗaya, ta kawo mini tsarabar gilashin leƙen ruwa da bututun numfashinsa, tana ta tsokanata wai yau Gwaggo za ta ga maƙwabtanta. Na ce mata maƙwabtan nan a tukunya na saba ganinsu. Ita da Tuma tun daga gaɓa suka ɗaura nasu gilashin, suna zaune a gefen kwalekwale suna numfashi fuu-fuu ta bututu.

Shaame ya kashe inji ya jefa anga, ƙarfen da ke tsayar da kwalekwale. Faki bai jira kowa ba, ya faɗa. Mun ga bayansa yana yawo a saman ruwa, ya yi gabas, ya dawo, ya yi kudu. Can ya ɗago ya ce an yi kuskuren wuri. Ran Shaame ya ɓaci. Ya nuna masa kukar da ke bakin gari, ya nuna hasumiyar masallaci da ta daidaita da ita, ya ce da wannan alamar Baba yake tsayawa, kuma shi ba yau ya fara zuwa nan ba.

Faki ya sake nutsewa. Wannan karon ya daɗe har Zuwena ta miƙe tsaye. Da ya fito ya kama gefen kwalekwale, ya tuɓe gilashin, sai na ga fuskarsa ta sauya.

Ya ce, "Yaya, ina dutsen?"

"Wane irin ina dutsen? A cikinsa kake kwana tun shekaranjiya."

Ni dai na ji kwandon ya yi mini nauyi a cinya. Shaame ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ga kamar ba mu gane alherin da ya yi ba, sai ya shiga bayani, kuma wallahi da alfahari yake yin sa. Ya ce duk yankin nan babu dutse mai kyan na Baba, yana jiƙe gatari yana yanka shi salin-alin, in ya sha iska kuma ya ƙanƙare. Ya ce ya ji an hana, amma wa zai hana ɗa ɗibar abin ubansa? Shekara uku suna zuwa duk lokacin da ruwa ya yi babbar janyewa, shi da mutum huɗu da ƙarafan ɓamɓara guda biyu. Manyan suka shiga bango, ƙananan da masu reshe aka ƙone su aka yi farar ƙasa. Ya ce ya so ne gidan 'ya'yan Kombo ya tashi da dutsen Kombo, ba da na wani ba.

Ya ƙara da cewa, "Ai zai sake tsirowa. Abin ruwa ne."

Zuwena ta ce, a hankali, ta karanta cewa manyan nan sukan yi shekara ɗari uku kafin su kai haka. Shaame ya ce masu rubutun ba su san ruwan Pemba ba. Faki yana riƙe da kwalekwalen, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Tuma ta cire bututu daga baki ta tambayi uwarta ko yanzu za su iya shiga.

Raya ce ta zame ta shiga ba tare da ta nemi izini ba. Ta yi ta zagaye, har can gefe inda ruwa bai wuce ƙirji ba, sai ta tsaya ta ɗaga hannu. Ba ubanta ta kira ba, ni ta kira. Har yau ban san abin da ya tayar da ni ba. Shaame ya ja kwalekwalen kusa, na sauka da zanena da komai, hannu ɗaya a jikin katako, yarinyar ta ɗaura mini gilashin ta ce in ciji bututun in sunkuya.

Guntu ɗaya ne ya rage, bai fi girman rumbu ba, ina jin ƙarafan ne suka gaji kafin su kai gare shi. Ni abin da na sani a matsayin dutsen ruwa fari ne, busasshe, mai kartar hannu. Wannan kuwa kore ne da ja da wani launi da ban san sunansa ba, kuma motsi yake yi. Wasu ƙananan bakuna a jikinsa suna buɗewa suna rufewa. Kifaye suna shiga ramuka suna fita, kowa da ƙofarsa, wani mai ruwan ɗorawa ya taho har gaban gilashina ya tsaya yana kallona, daidai yadda Faki yake faɗa. Ashe ba ƙarin gishiri yake yi ba. Ashe abin nan rai gare shi, shekara hamsin da biyu yana bayan ɗakina.

Sai na juya kaina hagu. Fili ne fetal har iyakar ganina, toka-toka, ɓaraguzai da yashi, ko ɗan kifi ɗaya babu. Na tuna tukwanen shinkafar da na sauke wa mutanen da suka yi wannan aikin, ina ƙara musu miya don su ji ƙarfi. Kunya ta kama ni da tsoro a lokaci guda, na shaƙi ruwa, Raya ce ta ɗago ni ina tari.

Da muka koma ba wanda ya taɓa abincin. Faki ya tsaya gaban bangon da ya yi kwana biyu yana yabo, yana kallonsa. Yanzu ni ma ina ganin abin da yake gani: zanen da ke jikin kowane dutse, mai ƙananan ramuka, mai layi-layi, duk irin wanda na gani da rai ɗazu. Raya tana bin zanen da yatsa tana nuna wa ƙanwarta wanda ubansu ya ce mai faifai ne. Mama ta leƙo ta tambaya yaya suka samu dutsen Kombo. Zuwena ta yi maza ta ce mata yara sun sha rana, bari ta sa su wanka.

Na so a ce Faki ya yi faɗa. Da ya zagi Shaame, da an yi ta ta ƙare, an ba juna haƙuri kafin la'asar. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Washegari da safe suka haɗa kaya, za su ƙarasa sauran kwana goman a wani masauki a tsibirin Unguja da ke kudu da mu, ɗaya daga cikin waɗanda Zuwena ta taɓa turo mini na kushe. Ba ta tuna mini ba, wannan ma ya fi yi mini ciwo.

A ƙofar gida na tare Faki, Shaame na tsaye yana riƙe da akwatin yara. Na tambaye shi zancen baɗi. Ya ce baƙin da zai kawo, me zai nuna musu? Na ce ya tuna Mama. Sai ya ce, "Yaya Mashavu, a shafe bangon nan ciki da waje. Ba zan iya kwana ina kallonsa ba. In an shafe ki kira ni, sai mu ga abin da Allah zai yi."

Ajiyar zuciya na yi, don ƙofa ce ya bari, ko da ƙarama ce. Shaame ma fuskarsa ta washe. Tun jiya yake yawo kamar wanda aka yi wa sata, bai san laifinsa ba balle ya san gyaransa, yanzu kuwa an ba shi aikin da ya iya.

Ya ce, "In don wannan ne ka kwantar da hankalinka, Faki, kafin wata ya mutu an gama. Ba ma sai an sayi siminti ba. Guntun nan da yarinyar ta gano jiya, in aka ƙone shi zai ishe mu farar ƙasa."

Raya ta ji. Na ga ta ɗaga kai ta dubi ubanta. Faki ya dubi wansa, kallon da ban taɓa ganin ya yi wa wani ba, babu fushi a ciki ko kaɗan. Ya miƙa hannu ya karɓi akwatin daga hannunsa, ya kama hannun Tuma, suka nufi mota.

Da yamma Shaame ya zo yana tambayata me kuma shi ya faɗa da ya ɓata wa Faki rai. Na shiga rumfar kayan gini na jawo ƙarafan nan biyu, da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya, na tura su ƙarƙashin gadona, na ce masa duk ranar da yake son su sai ya fara ɗaga ni.

Wata takwas ke nan. Faki yana kira ranar Juma'a ya gaishe da Mama, ba ya tambayar bango, ni ma ba na tayar da zancen. Ɗakuna shida suna rufe. Mama kuwa kowace safiya, kafin ta kurɓi shayi, sai ta tambaye ni ko ya ce yaushe.