Nono Ba Jariri

Ita ce ta uku a layin guga, tsakanin wata da ake kira Doguwa da bangon da injin busar da kaya yake jingine. Shagon wanki ne babba, yana karɓar zannuwan gado da tawul daga otal-otal, da rigunan ma'aikatan ofis. Masu guga suna da yawa, amma ita kaɗai ake ce wa Mai Guga, domin ita ake miƙa wa rigar da ake tsoron ta ƙone.

Mijinta direban tankar ruwa ne. Ya rasu lokacin da 'yarsu take koyon tafiya, yanzu ga yarinyar har ta shiga aji ɗaya. Tun rasuwar tana zaune a ɗakin baya na gidan surukanta, ita da yarinyar, wadda kowa yake kira 'Yar Baba saboda goshinta da tafiyarta duk na ubanta ne. Gidan a hannun mutum biyu yake: Inna, uwar mijin, da Yaya, wan mijin, mai sayar da kayan gyaran mota. Ba sa dukanta, ba sa zaginta. Ana dai zaune, irin zaman da mutum yake sanin wurin da zai ajiye takalminsa da wurin da ba zai ajiye ba.

Al'adarta ce ta fara ɗaukewa. Ta ce gajiya ce, da zafin tururi, da tsayuwar wuni. Sai ciwon kai ya biyo baya, can bayan ido, kamar ana tura yatsa. Wannan ma ta ɗora wa tururi. Wata rana da hantsi tana gugar wuyan wata farar riga ta ji sanyi a ƙirjinta, ta duba, ta ga rigarta ta jiƙe wuri biyu. Ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa. Nono ne, fari, irin wanda ta shayar da 'Yar Baba shekarun baya.

Ta daɗe tsaye tana kallon abin. Tun ranar da aka fita da gawar mijinta ba namijin da ya ko riƙe mata hannu. Ba ta san abin da za ta kira wannan ba, ba ta kuma san wanda za ta tambaya ba. Ta yayyaga wani tsohon tawul da otal ya daina karɓa, ta ninke tsummokaran ta riƙa sakawa cikin riga. Da yamma ta wanke su, ta shanya a bayan ƙofar ɗakinta inda ba mai gani.

Inna ta shayar da 'ya'ya da yawa, ta san warin. Ta shiga ɗakin Mai Guga neman ashana, ta fito da tsumma a hannu. Da Mai Guga ta dawo aiki ta tarar da ita zaune a bakin gadonta, an aiki 'Yar Baba waje.

"Ɗaga rigarki," in ji Inna.

Ta tsaya. Inna ta maimaita, muryarta ba ta tashi ba. Ta ɗaga. Tsohuwar ta miƙa hannu ta matsa, kamar mai duba akuyar da za ta saya, ta kalli abin da ya zubo a yatsunta, ta goge a zanin gadon.

"Na wane ne?"

Ta rantse da duk abin da ake rantsuwa da shi. Ta ce ita ma ba ta san abin da ya same ta ba, ta faɗi ciwon kan, ta faɗi ɗaukewar al'adar, wai don a gane ciwo ne. Wannan na biyun shi ya ƙarasa ta. Inna ta gyaɗa kai, ta ce ai shi ke nan, ba jinin al'ada, ga kuma nono, ko yaro aka tambaya ya san amsar. Ta ce ɗanta yana cikin ƙasa ana cin amanarsa a cikin ɗakinsa, a kan gadonsa. Ta tashi ta ɗebi kayan 'Yar Baba, ta ce daga yau a ɗakinta yarinyar za ta kwana.

Yaya bai iya riƙe magana ba. Kafin gari ya waye rana ta sake faɗuwa, makanikan da suke sayen kaya a wurinsa sun ji, matansu sun ji, mai shagon kusa da gida ya ji. Ya kuma ce ba zai kore ta da baki kawai ba, sai likita ya faɗa a gabansa, don kada gobe a ce an zalunci matar mamaci. Ya sa ta a mota ya kai ta asibiti. A hanya rediyo ya kunna.

Likitar mace ce, mai ƙaramin jiki, mai yawan tambaya. Aka yi gwajin fitsari, ba ciki. Yaya ya ce a sake. Aka sake, ba ciki. Likita ba ta sallame su ba. Ta tambayi ciwon kan, yaushe ya fara, a ina yake. Ta tambaya ko tana yawan buge ƙofa ko mutane a hanya. Mai Guga ta yi mamaki, don kafaɗunta duka biyu sun sha bakin ƙofar shago a 'yan watannin nan. Likita ta ce ta kalli hancinta kada ta juya ido, ta ɗaga yatsu a gefen kanta tana motsawa. Ta ce ta faɗa in ta gani. Ba ta gani ba sai da yatsun suka matso kusan gaban fuskarta.

Aka ɗebi jini, aka sa musu ranar ɗaukar hoton kai. Ranar jin sakamako Yaya ya sake biyo ta, ya zauna a kujerar gefe ya harɗe ƙafa. Likita ta yi bayani a gabansu su biyun, a hankali. Ta ce a ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake ba, ita ce take aika wa sassan jiki saƙo ta cikin jini. Cikin saƙonnin akwai wanda yake ce wa ƙirjin mace ya kawo nono bayan haihuwa, shi ne kuma yake tsayar da al'ada. Ƙari ya fito a wannan tsokar, yana ta aika saƙon ba ƙaƙƙautawa, ba tare da ciki ba, ba tare da namiji ba. Ta ce ba ciwon daji ba ne, kuma magani yana sa irinsa ya ƙanƙance, amma ya girma har yana danne jijiyoyin ido, shi ya sa ba ta ganin gefe. Ta juya ga Yaya ta ce abin yana samun budurwa, yana samun har maza.

Mai Guga ta sunkuyar da kai ta yi kuka. An ce mata akwai ƙari a cikin kanta, amma abin da take ji daɗi ne. Ta kalli Yaya don ta ga fuskarsa, sai da ta juya kanta gaba ɗaya kafin ta same shi. Yana kallon agogonsa.

A gida Inna tana tsakar gida tana jira, tare da wasu maƙwabta biyu da suka shigo wai aron turmi. Yaya ya ajiye makullin mota, ya nemi ruwa ya sha.

"Likita ta ce babu ciki yanzu," in ji shi.

Maƙwabtan suka kalli juna. Mai Guga ta ce ba haka aka faɗa ba, ta ce ya faɗi sauran, ya faɗi maganar ƙarin. Ya ce yana zuwa, ai ba a yi masa gaggawa. Ya ce gaskiya ne, an ga ƙari a kanta, idonta ya fara tafiya, ko mota ta taho ta gefenta ba za ta gani ba. Abin da ya haɗa ƙarin da nonon, wannan bai faɗa ba. Da ta fara faɗa da kanta, maganar 'yar tsoka da saƙo cikin jini, sai ta ji yadda take fita a bakinta kamar tatsuniya. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta rufe baki da mayafi.

Mai Guga ta sami Yaya daga baya a bakin mota shi kaɗai. Ta ce, "Yaya, kana wurin. Da kunnenka ka ji."

"Na ji."

"To ka gaya musu."

Ya ce ya riga ya gaya wa mutane magana ɗaya, yanzu tana so ya bi su rumfa rumfa yana cewa ƙarya ya yi? Shi da ake ba amana a kasuwa? Ya ce ita mace ce, maganar za ta wuce, mutane suna da mantuwa. Ya shiga mota ya ja.

Inna ta samu sanda biyu, ta riƙe kowace a inda ta fi amfani. In maƙwabta ne, sai ta yi tsaki ta ce Allah dai ya rufa asiri, ba ta ƙara komai ba, ba ta kuma rage ba. In 'yan'uwa ne suka ce a bar uwa da 'yarta, sai ta ce ko da matar nan waliyyiya ce, wa zai ba makauniya yarinya ta tsallaka titi da ita? Ta ce jinin ɗanta ne, shi kaɗai ya bar mata. Aka ce kuma ɗakin baya ana bukatarsa, kayan shagon Yaya sun yi yawa. Aka fito da akwatinta aka ajiye a zaure. 'Yar Baba tana makaranta lokacin.

Doguwa ce ta ba ta gefen ɗaki. Mai Guga ta fara shan maganin, shi kuma yana zuwa da tashin zuciya da jiri, musamman da safe. Sau da yawa takan bar dutsen guga ta ruga banɗaki. Masu wanki suna jin sautin amanta, suna ci gaba da aikinsu suna murmushi. Ɗaya ta taɓa cewa da ƙarfi, wai ita dai ba ta taɓa jin ciwon kan da yake son tsami ba, aka yi dariya har da mai shago. Aka zuba wa cikinta ido. Watanni suka wuce bai ɗago ba, sai maganar ta sauya, aka ce an zubar.

Wata rana ta kai hannu gefe don ajiye dutsen guga a mazauninsa, ba ta ga hannun Doguwa a wurin ba. Fatar ta tashi tun daga wuyan hannu. Doguwa ba ta zage ta ba, ta ɗaure hannun ta ce tsautsayi ne. Amma mai shago ya cire ta daga layin guga ya mayar da ita ware ƙazantattun zannuwa a baya, inda ba wuta ba masu kawo wanki. Bayan sati Doguwa ta ce mijinta zai dawo daga tafiya, ɗakin ba zai ishe su ba. Mai Guga ta kama wani ɗan ɗaki a bayan shagon walda.

Maganin ya yi aikinsa kamar yadda likita ta faɗa. Nonon ya ƙafe, al'ada ta dawo, ciwon kan ya tafi. Ganin gefen dama ya dawo kusan duka, na hagu ya dawo kaɗan ya tsaya. Likita ta yi murna, ta ce ta yi sa'a. Mai Guga ta je gidan surukan ta gaya wa Inna ta warke, daga bakin ƙofa, don ba a ce ta shigo ba. Inna ta ce ma sha Allah, yarinya dai ta saba, ba a tayar da yaro daga inda ya saba.

Sai Mai Guga ta koma zuwa bakin makaranta lokacin tashi, ta tsaya a tsallaken titi kusa da mai gyaran takalma. Yawanci matar Yaya ce take zuwa ɗaukar yaran. Wata rana ta makara. Mai Guga ta tsallaka, ta durƙusa gaban 'Yar Baba. Yarinyar ta yi tsawo, haƙoranta na gaba sun faɗi, an yi mata aski maimakon kitso. Ta bari aka riƙe mata hannu, amma ba ta matso ba. Ta daɗe tana kallon ƙirjin uwar.

"Mama, ina kika jefar da ƙanina?"

Ta ce babu ƙani, ba a taɓa yin sa ba, ciwo ne a nan, ta nuna goshinta. Yarinyar ta ce a makaranta an ce a cikin kwata ne, ita kuma ta ce musu ƙarya ne, a cikin shara ne, don haka ta ji a gida. Ta faɗa ne kamar mai gyara kuskuren lissafi. Ta tambaya ko ita ma an so a jefar da ita tana ƙarama, Inna ta hana.

Kafin ta amsa matar Yaya ta iso ta hagu, ba ta ga zuwanta ba sai da aka zare hannun yarinyar daga nata. Matar Yaya ta ja yarinyar suka tafi. Washegari Yaya ya je wurin shugaban makaranta, ya ce akwai wata mai ciwon kai da take tare musu yarinya, mai gadi ya sa ido.

Ta ci gaba da ware zannuwa a bayan shago. Duk wata tana zuwa karɓar magani, likita ta duba idonta ta tambayi 'yarta, ita kuma ta ce tana lafiya. A ƙarshen shekarar aka sauya wa 'Yar Baba makaranta, ba wanda ya gaya mata wacce.