Ƙarami Ne Ke Riƙe da Tanderu

A masana'antar kwalabe, tanderu ba ya hutu. In narkakken gilashi ya huce a cikin bututu, sai dai a fasa bututun da guduma, a sallami rabin ma'aikata har a gina wani.

Shi ya sa aka ba akwatin sarrafa tanderun ƙwaƙwalwar kwamfuta guda biyu. Ɗaya na ba da umarni, ɗayar na kwafe duk abin da 'yar'uwarta ta sani, ta karɓi aiki kafin ƙiftawar ido in waccan ta faɗi. Ma'aikata sun manna musu suna da tef: Babba da Ƙarami.

Injiniya ta iso da hantsi da sabuwar ƙwaƙwalwa a jaka, don kamfani ya ce a sabunta su ɗaya bayan ɗaya. Shugaban masu aikin safe, wanda kowa ke kira Kawu, ya buɗe mata akwatin.

"Fara da Ƙarami, 'yata. Zaman kashe wando yake yi, kamar surukina."

Ta yi dariya, ta kama maƙallin Ƙarami. Sai ta ji ɗumi a yatsunta. Ta taɓa Babba, sanyi ƙalau. Ta goge ƙurar da ta rufe fitilarsa, ba ko ƙyalli.

A hankali ta janye hannunta.

"Kawu, yaushe rabon da a duba fitilun nan?"

"A duba me? Tanderu bai taɓa ko tari ba."

"Ai ba zai yi ba. Babba ya mutu, Ƙarami ya karɓa bai gaya wa kowa ba. Da na zare shi, da yanzu guduma kuke nema."

Kawu ya ja da baya, ya zuba hannuwansa a aljihu.

Ta zare gawar, ta zura sabuwar a gurbinta. Fitilarta ta fara ƙyaftawa ruwan ɗorawa.

"An gama?"

"Karatu take ɗauka wurin Ƙarami. Kafin ta haddace, shi kaɗai gare mu. Kada wanda ya jingina da akwatin nan."

Suka tsaya cirko-cirko. Ta tagar ɗakin, kwalabe na ta wucewa jajur. Can fitilar ta tsaya cak, koriya.

Injiniya ta sa farce ta ɓanɓare tef ɗin duka biyu, ta miƙa wa Kawu.

Ya jujjuya su a tafinsa. "To yanzu wane ne babban?"

"Fitila za ka riƙa tambaya, Kawu."