Sirrin da Na Nema Wurin Malam Bukari

"Ɗaga min matashin kan nan, Uzairu," in ji Malam Bukari, "in ga sama."

Na ɗaga. A hawa na sha ɗaya muke a unguwar Minguettes, gefen Lyon, ƙofarsa na kallon tawa, kuma daga gadonsa gajimare kaɗai ake gani suna tafiya a hankali. Wata biyu ke nan da likita ya sallamo shi gida, ba don ya warke ba.

In faɗi gaskiya, ba zumunci kaɗai ke kawo ni da kunu kullum ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana gyaran injinan caca a wani kazino kusa da Paris, bai taɓa jefa ko sisi a ciki ba. Ni kuwa wani inji a Lyon ya shaƙe min wuya, har matata Asma ta rantse in na sake komawa za ta kwashi yara ta tafi wurin yayarta a Sevran. Na sa a raina tsohon nan ya san ranar da inji ke aman kuɗi, ina so in ji kafin ya tafi da sirrin. Har yau ina jin kunyar wannan.

Ran nan da la'asar haƙurina ya ƙare. "Baba, injin da nake bugawa ya daɗe bai biya ba. Ai ya kusa, ko?"

Idonsa a lumshe ya yi murmushi. "Ina ganinsu, lemo da inabi suna juyawa a fuskar injin, kamar kasuwar Dolé da hantsi." Na ɗauka ya yi nisa, ya koma garinsu Zinder, sai ya kamo hannuna. "Bai san ka ba, ɗana. Lambobi ke gudu cikinshi, da mutum ko ba mutum. Ka danna, ya cafke wadda ta zo, c'est tout, shi ke nan. Bai tuna jiya. Mi zai biya ka?"

"To ina sirrin?"

"Miƙo portable ɗinka."

Na ciro wayata. Da muryar da ke yankewa ya bi da ni har shafin intanet da mutum ke neman a hana shi shiga kazino da kansa. Hanin shekara uku ne. Haushi ya kama ni, wallahi, na ga kunun wata biyu ya tafi a banza. Yatsana ya tsaya a sama, shi kuma bai saki ɗaya hannun ba, sai da na danna.

Ranar Alhamis bayan azahar ya cika, 'yarsa Rékia tana cikin jirgin ƙasa daga Paris.

Da muka dawo daga maƙabarta, da laka a takalmina, na miƙa wa Asma wayar, saƙon hanin a buɗe. Ta goge hannu a zane, ta karanta sau biyu. Ta shiga ɗaki, na ji ta buɗe akwatin da ta riga ta haɗa, tana mayar da kayan yara cikin durowa ɗaya bayan ɗaya.