Shirun Maame Afrakoma

Ni dai ba ruwana da zancen mutane, amma na Agya Darkwa duk ƙasar Kwahu ta ji da kunnenta.

Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, yana cikin ƙungiyar masu rediyon hira. Suna da wata 'yar tasha a ƙwanƙolin dutse, tana cafe murya ta watsa ta ƙauyukan da ke kewaye. Kullum da hantsi sai ya kira Maame Afrakoma, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gonar koko da ƙaramar rediyo can ƙasan kwari. Muryarta kan iso masa cikin shuuu kamar ana yayyafi a kan kwano. Ya lumshe ido, ya riƙa ganin maganarta tana hawo dutsen a kan gajimare, ɗauke da ƙamshin koko da aka shanya.

Wata safiya ya yi ta maza ya ce, "Maame, in na zo ƙwanƙwasa ƙofar danginki da kwalbar gaisuwa a hannu, neman aurenki, za a buɗe?"

Kafin ta amsa aka kashe tashar, don ranar ce 'yan ƙungiya suka hau sa sabuwar na'ura. Ita sabuwar ba ta san shuuu ba. Ko ta kawo murya tas, ko ta yi gum. Bawan Allah kuwa ya saba da tsohuwar, wadda ko daga nesa mutum ya danna maɓallin magana sai an ji motsinsa. Da ya ji shiru, sai ya ɗauka amsar ke nan.

Abinci ya fita ransa, sakwara ta yi ta sanyi a gabansa. Amma bai daina kira ba. Ya zauna a baranda, gajimare na ratsa bishiyoyin ayaba, yana gaya wa rediyo mafarkinsa: wai ya ga Maame tana tafiya a saman kwarin da farin zane, ƙafarta ba ta taɓa ganye.

Opanin Boadu, abokinsa na Nkawkaw, ya katse shi ta rediyo: "Tsoho, ka tausaya mana! Matata ta ƙona miya garin sauraronka."

Darkwa ya ce, "To toshe kunnenka mana, mai kan ƙwarya."

Ashe kwarin nata ya faɗa gefen da sabuwar tasha ke isa amma ba ta jiyowa. Duk abin da ya faɗa tana ji raɗau, tana danna tata rediyon har yatsa ya yi ciwo, a banza.

Ran nan da hantsi yana tsakar bayanin farin zanen, sai murya ta faɗo tas, da haki, kamar a gefensa take zaune.

"Darkwa! Wane farin zane? Ga ni a kan tudun gonar maƙwabcina Asante, taɓo har gwiwa, na riƙe rediyo sama kamar mai tallan kifi!"

Ya miƙe, kujera ta kife. "Maame, ai na zaci kin ƙi ne."

"Da na ƙi, zan hau tudu da wannan ƙugun? Ka zo ran Asabar. Kuma ka aske wannan gemun."

Daga garuruwan kan dutse har gindinsa aka yi ta danna rediyo ana shewa. Shi kuwa ya tsaya da tasa rediyon a ƙirji, yana kallon gajimare na sauka kwarin a hankali.