Tafukan da Ke Jikin Gada

"Ku tsaya a nan," in ji Baba Magini. "Ku sauke ni, ina son ganin hannuwanmu."

Maza biyun da suka ɗauko shi a kujera daga mota suka tsaya a bakin gadar layin, suka dubi Tela, mai ɗinkin layin da ke jinyarsa. Ita kuwa ta kau da kai, don abin da ta yi wata guda tana ɓoye masa ke nan. Likita ya riga ya ce a mai da shi gida, kuma kowa ya gane abin da ake nufi.

"Baba, rana ta yi zafi. Mu bari sai gobe."

"Ke 'yar nan, gobe ta waye?"

Gadar ba wata babba ba ce, taku shida ka haye. Amma kafin a yi ta, lambatun bakin layin ya cinye takalman mutane ba adadi, har da keken ɗinkin Tela ranar da ta tare. Baba ne ya tara mutane, sai dai ya ƙi shugabanci ƙememe. Duk Asabar yakan miƙa wa mutum ɗaya cokalin gininsa, ya ce yau kai ne babba. Wanda ke riƙe da cokali shi zai raba aiki, shi zai raba faɗa, shi zai sha zagi in yashi bai zo ba. Baba sai ya koma ɗiban ruwa abinsa.

Ranar da cokalin ya zo hannun Tela ta yi kuka sau biyu, amma aka zuba ginshiƙi. Ranar Dogo mai gyaran waya kuwa, wanda ko gaisuwa sai ya yi in'ina, Baba ya tsaya a bayansa yana raɗa masa abin faɗa, har muryar ta zauna. Da aka gama, su goma sha ɗaya suka danna tafukansu a ɗanyen siminti a jikin gadar. Na Baba ne a ƙarshe, mai guntun ɗan yatsa.

Sai wata ƙungiya ta ɗauki Dogo horon shugabanni. Ya dawo da jaka da sabon baki. Baba na kwance a asibiti, Dogo ya kwaɓa siminti ya shafe tafukan nan tas, ya yi fenti, ya kafa allo mai sunansa shi kaɗai.

Tela ta same shi a shago ranar.

"Dogo, hannun Baba ka rufe?"

"Yaya, ki gane mana. Baƙi za su zo ɗaukar hoto, abin ya yi kama da wasan yara."

"Wasan yaran ne ya koya maka buɗe baki."

"Zan je in yi masa bayani da kaina, wallahi."

Bai je ba. Kullum Baba sai ya tambayi ina Dogo, kullum Tela sai ta ce aiki ne ya yi masa yawa. Ƙaryar ta fi komai ƙona mata rai, don ita ake yi wa laifi, ita kuma ke rufa wa mai laifin asiri.

Yanzu ga shi an ajiye kujerar a gefen gada. Idon Baba ya riga ya yi rauni, don haka ya miƙa hannu yana laluben bango. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Sumul. Ya koma farko ya sake bi a hankali, kamar mai neman allura a tabarma.

"Wa ya yi shafen nan?"

Tela ta matso kusa da shi. "Dogo ne, Baba."

Baba ya ƙwanƙwasa bangon da guntun yatsansa, ya kasa kunne.

"Hannunsa ya faɗa, ya miƙe sosai. Ni na koya masa." Ya janye hannun ya ɗora a cinya. "Amma bai jiƙa bangon ba kafin ya shafa. Sauri yake yi. Ku kai ni ciki."

Daga ranar bai sake tambayar Dogo ba, kuma wannan shirun ya fi tambayar ciwo. Ya kwana uku yana shan ruwa da cokali, a na huɗu da hantsi ya cika, Tela na gyara masa matashi.

Dogo ya zo gaisuwa da baƙi biyu, ya yi jawabi mai daɗi a ƙofar gida, ko in'ina ɗaya babu. Har ya ce marigayin yana cikin waɗanda suka ba shi goyon baya. Tela ta tashi ta shige ciki, don ta san in ta zauna za a ji abin da ba a shirya ji ba.

Bayan ruwan sama na uku, tana dawowa daga sayen zare, ta ga shafen ya kumbura, wani ɓangare ya ɓamɓare ya faɗa lambatu. Ta durƙusa, ta sa farce ta ƙara ɓantarowa. Yatsu huɗu suka fito, ɗaya guntu, ruwa ya taru a cikinsu. Ta ajiye ledar zaren a ƙasa, ta sa tafinta a ciki. Ya yi mata yawa.