Hannun Baba da ɗaliban Asabar

Baba tela ne. Tun ina ƙarama kekensa yake a zauren gidanmu, kusa da taga. Da hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo da wuri, har yana fita tsakar gida da sanda, hannun ne ya ƙi. Abin da muke jira ke nan a gidan: ko hannun zai sake riƙe allura, ko ba zai riƙe ba.

Jami'ar tana ƙarshen titinmu. Ni ma a bakin ƙofarta nake aiki, a wani shagon buga takardu. Suna da wani tsari mai kyau, ba zan ɓoye ba: ɗaliban sashen gashin ƙashi da motsa gaɓɓai suna shiga unguwa duk Asabar, suna duba marasa lafiya a gidajensu kyauta. Cewa suke jami'a ba za ta zauna a cikin mutane ba tare da ta amfane su ba. Da aka sa sunan Baba, Mama har kuka ta yi don murna.

Ta farko da aka turo wata yarinya ce mai gilashi, shiru-shiru. Ta kawo masa ƙwallon roba ja, ta ce ya riƙa matsawa. Da farko ko motsi yatsun ba sa yi, amma kafin zangon karatu ya ƙare yana matse ƙwallon har ta lotsa. Sai aka yi hutu, Mai Gilashi ta gama nata ta tafi. Bayan hutu aka turo wani dogo mai surutu, bayansa wata 'yar fara. Ni ban taɓa zama da su ba, don Asabar ce ranar da ɗalibai ke cika shagonmu kamar kasuwa. In na dawo na tambaya, sai Baba ya ce, "Ai Uwata, yaran nan suna ƙoƙari." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Wata Asabar da injin shagonmu ya lalace na dawo gida da hantsi, na tarar da sabon ɗalibi a zaure, wani mai sanyin murya. Yana fitar da ƙwallon roba daga jaka, shuɗiya.

"Baba, da wannan za mu fara," ya ce. "Ka gwada matsawa, ko kaɗan ne."

Ina tsaye ina kallo Baba ya karɓa, ya ɗan taɓa ta da kyar, har da cije leɓe. Mutumin da jiya-jiya ya damƙi hannuna sai da na ce wayyo! Yaron ya washe baki ya ce, "Yawwa, ai da sauran ƙarfi." Baba ya yi ta sa masa albarka har ya tafi.

Na ce, "Baba, wannan kuma wane wasan kwaikwayo ne?"

Mama ce ta jawo akwatin zare daga ƙarƙashin keken ta buɗe mini. Ƙwallaye ne a ciki, kala-kala, kowane ɗalibi da tasa.

"Kowannensu daga nan yake farawa," in ji Baba. "Yaro ya zo da zumuɗinsa, ya taka har gidanka, sai ka ce masa ka wuce wurin? Ai sai ya ji kunya. In ya ga na ci gaba a hannunsa, ya koma yana murna."

"To kai kuma fa? Kai aka zo yi wa magani ko su?"

"Kar ki ɗaga mini murya."

Wallahi ji na yi kamar in fasa ihu. Ranar Litinin ban ko buɗe shago ba, na ɗauki akwatin na wuce cikin jami'a, na yi ta tambaya har aka nuna mini ofishin malamar da ke kula da tsarin. Wata dattijuwa ce, tana cin biskit a kan tebur. Na zazzage mata akwatin a gabanta, ƙwallaye suka watse, ɗaya ta gangara ƙarƙashin kujera. Na faɗi duk abin da ke bakina, har da wanda bai kamata ba.

Ba ta yi musu ba. Ta ce ɗalibi yana gama zangonsa yake tafiya, sabon kuma sai bayan hutu yake zuwa, ba sa haɗuwa. Kowa abin da ya gani a ranar farko yake ɗorawa a kai.

"Mu muka tsara shi haka," ta ce. "Muna duba abin da ɗalibi ya koya, ba mu duba inda mara lafiya ya tsaya ba. Asabar ni zan zo."

Ta kuwa zo, tare da mai sanyin muryar. Ta ce Baba ya damƙi hannunta da duk ƙarfinsa, ban da kara. Ya damƙa, ta ce madalla. Sai ta ajiye maɓalli a kan keken ta ce ya ɗauka da babban yatsa da manuni. Ya kai hannu, yatsun duka suka dunƙule a kai lokaci ɗaya, maɓallin ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. Ta ce ya buɗe tafin, ya buɗu rabi ya tsaya.

Ta daɗe tana lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya kafin ta yi magana.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Hannun ya koyi damƙa, bai koyi saki ba, kuma lokacin da ya fi dacewa a koya masa ya wuce. Za mu yi aiki, za ka riƙe cokali, za ka riƙe kofi. Allura kam, ban sa maka rai ba. Ka yafe mana."

Ɗalibin ya sunkuyar da kai. Baba ya dube shi ya ce, "Malama, kar a yi wa yaron nan faɗa. Bai tambaya ba, ni kuma ban faɗa ba."

Ta ce daga yanzu tsohon ɗalibi ne zai riƙa rako sabo gidan mara lafiya kafin ya tafi. Na ce to, Allah ya sa na gaba su amfana. Raina a ɓace yake.

Da suka fita, Baba ya zauna a gaban keken. Can ya ce in buɗe kabad ɗin bayan ƙofa. Yadukan mutane ne a ciki, waɗanda aka kawo ɗinki kafin ya kwanta. Ashe duk wanda ya zo karɓa, cewa yake a ƙara haƙuri, ya kusa komawa aiki.

Ya riƙa jawo su da hagu yana ɗora mini a hannu.

"Wannan na mai kemis ne. Wannan na matar direba. Wannan na ɗan makaranta ne, yanzu ai ya fi ƙarfin yadin." Ya ɗora na ƙarshe, ya gyara masa ninki. "Ki kai musu, Uwata. Ki ce su kai wa wani."